Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Na iso gida, Birnin Gwari. Awa biyu muka yi a bakin hanya muna jiran rakiyar sojoji.

Malamina ya ce in yi kundin digirina a kan Gakem da Ogoja, faɗan farko-farko na yaƙin basasa, tunda kowa kan Inugu yake rubutu. Na ce to. Ban gaya masa a can kakana Ƙasimu ya ɓata ba, a makon farko. Ban kuma gaya masa abin da garin nan ke faɗa ba, wai jefar da bindiga ya yi ya gudu. Jikar mai gudu. Tun ina firamare nake shan wannan.

Kakata, Iya Safiyatu, ta rame ƙwarai. Koko kaɗai ke shiga cikinta.

Laraba, 3 ga Yuli

Shekara hamsin da bakwai, Iya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Ƙasimu sunan yanka ne, a gida Abarshi ake kiransa, don yara uku suka rasu kafin shi. Shi ya sa Iya ko "a bar shi" ba ta cewa. Ko tuwo ne bai nuna ba, sai dai "a ƙyale shi". Muna yara mun sha ɗana mata tarko, ba ta taɓa faɗawa ba.

Yau ta kama hannuna. "Bushira, ki samo mini gaskiya kafin in tafi. Ko mai ɗaci ce."

Alhamis, 4 ga Yuli

Tsofaffin sojojin garin nan sun ce mutum ɗaya ya rage daga rukunin kakana: Baba Japheth, mutumin Gbagyi, a wani ƙauye bayan Kuyello. Kawu Abdulkahar ya ce kaina ba daidai ba, shekaranjiya aka kwashe mutane a gona ta wajen. Na ce ko ya kai ni ko in hau ɗan acaɓa. Ya san halina.

Asabar, 6 ga Yuli

Ba mu tafi ba. An ji harbi ta hanyar.

Lahadi, 7 ga Yuli

Mun je, mun dawo.

Masara ta yi tsawo, ba ka ganin abin da ke gefen hanya. Sau biyu Kawu ya kashe babur muka saurara. Na ji tsoro sosai, ban dai nuna masa ba.

Mun tarar da Baba Japheth ya dawo daga coci. Ya yi ta ba ni labari tiryan-tiryan: ruwan sama, tudun da suka hau, yadda aka ce musu aikin sati biyu ne. Ina ta rubutu, wayata kuma na ɗaukar muryarsa. Sai na ce, "Baba, ka san wani Ƙasimu?"

Ya daɗe yana kallona. "Ke wace ce tasa?"

Na gaya masa. Ya cire hula.

Ga abin da ya ce, a taƙaice. An harbi Ƙasimu a cinya suna ja da baya. Shi Baba Japheth ne ya kama hannunsa yana jan sa cikin ciyawa. Hayaƙi ko'ina. Sai ya ji ana ta ihu daga baya: "A bar shi! A bar shi!" Ya ɗauka sajan ne ke ba da oda. Ya sake shi.

Ashe wani Mainasara ne, ɗan unguwarsu kakana, yake nemansa, yana ƙwala masa kira da sunan gida.

"'Yata, mu Ƙasimu muka sani. Lokacin ma Hausata ba ta nuna ba. Soja in ya ji oda, bi yake." Da suka koma washegari ba su same shi ba. Mainasara bai kai ƙarshen watan ba. Shi kuma Baba Japheth da ya dawo ya ji abin da ake faɗa a Birnin Gwari, sau uku yana zuwa ƙofar gidanmu yana juyawa.

Na ce, "Ka ji ana ce masa matsoraci, ka yi shiru?"

Ya ce, "Na yi shiru."

Ko sallama ban yi masa ba.

Talata, 9 ga Yuli

Zan sa sunan Baba Japheth cikakke a babi na uku, da sunan ƙauyensu. Kuskuren ji ba laifinsa ba ne, na yarda. Amma shirun fa? Babana ya rayu ya mutu bai taɓa shiga hirar yaƙi a majalisa ba.

Na sake sauraron muryarsa a waya. Inda ya ce "na sake shi", akwai shiru mai tsawo. Ban lura da shi ba ranar.

Laraba, 10 ga Yuli

Na kasa shiga ɗakin Iya. Ta aiko sau biyu.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na gaya mata da hantsi, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

"Ba gudu ya yi ba ke nan."

"Ba gudu ya yi ba, Iya."

Ta lumshe ido. Can ta ce, "Shi mutumin, ya riƙe hannunsa?"

Na ce ya riƙe, har ya ja shi nesa kaɗan. Na ce amma kada ta damu, zan rubuta sunansa duniya ta san wanda ya sake shi, ya kuma bar mu da gori.

Ta buɗe ido ta kalle ni. A hankali ta ce, "A bar shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita, tana ɗan murmushi, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe ba ta ci ba. Ban san ko da ni take ba, ko kira take yi. Ban tambaya ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Babi na uku ya kusa. Maimakon sunansa, na rubuta "wani soja". Don tsarin rubutu ne kawai, ana iya gyarawa daga baya.

Iya ta sa a ƙulla wa Baba Japheth goro da sukari. Kawu ya ce hanyar Kuyello ba ta da kyau wannan satin. Na ce masa za mu jira Lahadi, bayan an tashi daga coci.