Sabulu a Kan Bonet

Nairobi, 9 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan? Ina fata Mama da ƙanwata Adoyo suna lafiya. Adoyo, ki karanta wa Baba a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya don kin ga babu daɗi.

Baba, na yi ɓarna a gareji. Wata dattijuwa, Mama Nyokabi, ta kawo mana ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu mu tashe ta. Ta zo kuma da wani bonet daban, nannaɗe cikin bargo. Na motar mijinta ne, marigayi, wadda suka yi amarci a cikinta. Motar ta daɗe da mutuwa, bonet ɗin kaɗai ya rage, shekara talatin yana rataye a ɗakin ajiyar masara. Shi take so a ɗora wa wannan, ko da yake ya girme ta da shekara goma.

Maigidana Mzee Gurdev ya ba ni aikin. Bonet ɗin ya ɗan lanƙwashe a gefe, na ɗauki gudumar ƙarfe kamar yadda na saba, na buga sau uku. A na huɗu ya tsage, tsawon farce. Ashe dalma ce irin ta tukwanenka, sababbin ne ake yi da ƙarfe. Da ma na ji rashin nauyinsa tun da na ɗaga, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Mzee bai yi faɗa ba. Ya liƙe tsagar da kansa, ya ce, "Ogola, babu na biyunsa a ƙasar nan. Wata ɗaya na ba ka. In ya sake tsagewa, ɗauki akwatinka." Mutiso mai fenti kuwa tun ranar yake ce mini Sarkin Guduma.

Na san abin da na faɗa ranar da zan bar Kisumu, cewa ba zan ƙare rayuwata a kan tukunyar tuwo ba. Ban manta ba, na san kai ma ba ka manta ba. Duk da haka ina tambaya: yaya kake sa dalma ta bi hannunka? Ba zan dawo gida da akwati ba.

Ɗanka,
Ogola

Nairobi, 27 ga Agusta

Babana,

Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya. Direban bas ya kawo mini saƙo. Na buɗe ina neman takarda, sai na ga sabulun wanki sanda ɗaya, babu ko kalma. Da farko na ɗauka cewa kake in wanke bakina. Kwana biyu yana kan taga ina harararsa, sannan na tuna da kai tsugune a rumfa, kana goga sabulu a gindin tukunya kafin ka kara ta a wuta.

Na gwada a kan wasu tsofaffin murafan tukunya tukuna, har sau bakwai. In sabulu ya yi ruwan ƙasa, da saura. In ya yi baƙi, a janye wuta nan take, a bari ya huce, dalma ta yi laushi. In aka ƙara ko numfashi ɗaya, ta zube. Murfi biyu na narkar kafin idona ya gane.

Ranar da na kai sabulu kan bonet, Mutiso ya tara mutane. "Ku zo ku gani, Sarkin Guduma zai yi wa amarya wanka! In kawo soso?" Na ce ya kawo, in na gama da ita shi ne na biye. Na sassaƙa gudumar katako, ina bugawa kaɗan, in na ji ƙarar ta fara tauri sai in koma sabulu da wuta. Kwana shida, gefen ya miƙe.

Amma bai zauna ba. Dama ya shige, hagu ya hau kan kafaɗar motar. Na ɗora na sauke ya fi sau ashirin. Mzee ya miƙo mini almakashin ƙarfe, ya ce in rage bakin da faɗin ɗan yatsa a huta. Baba, ban taɓa yi masa musu ba, amma na ce a'a. Na lura tsohon fentin kafaɗar hagu ya fi kauri, na kankare na nuna masa: an taɓa buge motar a nan, aka cike, aka shafe. Bonet ɗin daidai yake, motar ce ta karkace. Ya daɗe yana shafa gemunsa, ya ce, "Kwana goma suka rage maka, kai kuma mota za ka warware?" Na ce i. Na riga na kwance kafaɗar.

A gaida Mama. Ƙananan kifin da ta aiko wancan watan har yanzu ina ci da tuwo.

Ɗanka,
Ogola

Nairobi, 8 ga Satumba

Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Bonet ɗin ya rufu.

Na jawo kafaɗar ta dawo mazauninta, na ɗaure bonet sako-sako, ina matsar da shi kaɗan kaɗan. Tsabar shilin biyu na haɗa na bi tazarar da ke tsakanin bonet da jikin motar da su, daga gaba har baya, hagu da dama, ba su maƙale ba, ba su yi lilo ba. Sannan na ƙara ɗaure notina. Mutiso ya zagaya motar sau biyu yana neman abin faɗa, da bai samu ba ya ce to a kauce masa ya yi fenti.

Jiya Mama Nyokabi ta zo. Ta ɗaga bonet ɗin da hannu ɗaya, ta sake shi, ya faɗa da wata 'yar ƙara mai taushi. Ta sake ɗagawa ta saki. Ta ce haka yake yi a da, daga kicin take jin sa ta san maigidan ya gama duba mai. Na nuna mata inda na tsaga, don ban so ta ji a bakin wani. Ta sa yatsa a wurin, ta ce, "Ɗana, wace makaranta aka koya maka wannan aiki?"

Mzee yana tsaye, Mutiso yana tsaye. Shekara huɗu ina garejin nan, duk wanda ya tambaye ni sai in ce babana ɗan kasuwa ne. Na ce mata, "Mama, aji shida na tsaya. Babana maƙerin tukwane ne a Kisumu, shi ya koya mini."

Akwatina yana nan inda yake. Mzee ya ce akwai wata motar mai ƙofofin dalma tana zuwa, aikinta nawa ne.

Zan zo Kirsimeti. In ka yarda, ka ajiye mini tukwanen da suka fi lotsewa, da ɗan wuri kusa da kai a rumfa. Rabin sabulun ya rage, zan taho da shi.

Ɗanka,
Ogola