Baƙon Tanne

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yau na kafa na'urar auna zafi ta farko a rayuwata. A bayan gidan kakata Tanne, kilomita goma sha tara daga Filinge. Ni na zaɓi wurin: fili ne, ba itace, ba bango kusa, kuma akwai mai sa ido.

Tsayi mita biyu cif daga ƙasa, sau uku na auna. Na'urar tana cikin farin akwati mai tsage-tsage, don iska ta shiga, rana kuma kada ta taɓa ta. Tana rubuta zafi kowane minti goma. Na gwada ta da ma'aunin hannu: 41,2 da 41,3. Na kewaye wurin da shingen waya saboda awaki.

Madam Habsa, shugabata a biro, wato ofishinmu, ta ce gwajin wata uku ne. In bayanan sun fito da tsabta a riƙe ni. In ba haka ba, akwai mutum huɗu suna jira.

Tanne ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu. "Angona, wanga baƙo da kak kawo man, mi yaka ci?" Na ce ba ya ci. "Ba shi sha?" Ba ya sha. "Kuma kat tsai da shi cikin rana. Ni nig goye ka, amma ban koya maka wagga rowa ba."

Ita ta raine ni tun da uwata ta rasu ina wata takwas. Har yau in na yi shiru sai ta taɓa goshina.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je da babur na kwashe bayanan mako a wayar hannu. Akwai matsala. Kowace rana zafi yana hawa daidai har 13h40, sai ya faɗi da digiri 3,5 zuwa 3,8. Wajen 15h00 ya koma inda ya kamata. Kwana biyar a jere. Rana ba ta yin haka.

Na duba batir, na duba igiyoyi. Lafiya lau. Tanne ta dama mini fura, ban iya sha ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Madam ta ɗora layin tasharmu a kan na sauran tashoshi uku. Nasu kamar doron raƙumi, nawa kamar an cije shi. "Hafizu, ko na'urar, ko mai kafa ta." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je ban faɗa wa kowa ba. Na zauna bayan rumbun Kawu Maidoki ina duba agogo.

13h38, Tanne ta fito da ƙwarya a kai da tsohon buhu a kafaɗa. Ta buɗe ƙofar shingen, ta tsoma buhun a ruwan ƙwaryar, ta taka turmin da ta mirgino, ta lulluɓe akwatin kamar yadda take yi wa tulunta. Sauran ruwan ta yayyafa a ƙasa. Tana yi tana magana: "Sannu, baƙo. Mai gidanka ba shi da kunya."

Ruwan nan daga rijiyar gari ne, mai zurfin gaba ashirin da wani abu. Ban tuna da wannan ba a lokacin. Kwana goman da suka ɓaci kawai na tuna.

Na yi mata tsawa. A gaban Kawu, da matarsa Inna Jummai, da matan da suka leƙo. Na ce ta ɓata mini aiki. Na ce abin da ba ta sani ba ta bar shi wa waɗanda suka sani. Haka na faɗa, kalma da kalma, ba zan gyara ba.

Ta sauko daga turmin a hankali. Ba ta ce angona ba. Ta ce, "To, malam."

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na koma na sa kwaɗo a ƙofar shingen. Makulli yana aljihuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Har yanzu yana faɗuwa, amma da 1,1 kawai. Ƙasar wurin ta nuna mini: tana watsa ruwan ta cikin ramukan wayar. Taurin kai.

Na gano cewa wayar hannuna tana kama na'urar daga mita goma sha biyu. Wato daga kan hanya, ba sai na sauka daga babur ba. Minti huɗu na yi. Ban shiga gida ba. Ta gane da gaske nake.

Lahadi, 4 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Daga Alhamis 1 ga wata layin ya fito sumul, kwana uku ba cizo. Mafi zafi 45,9 ranar Asabar. Ta ji magana.

Na kwashe daga kan hanya da tsakar rana, gari shiru, kowa yana cikin ɗaki. Na so in shiga, sai na ce bari a ƙara mako guda kada ta koma. Na saya mata goro da sabulu a kasuwa. Lahadi mai zuwa zan kai.

Talata, 6 ga Mayu

Kawu ya kira 06h12. Tanne ta rasu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na samu jana'iza da ƙyar. Ban iya rubutu ba sai yau.

Inna Jummai ta ba ni labari muna zaune a ƙofar ɗakin. Ranar Alhamis 1 ga wata ta faɗi a hanyar rijiya, aka ɗauko ta. Tun daga nan ba ta sake tashi ba. Jiki zafi, ba ta riƙe ko ruwa. Kawu ya so kai ta likita a Filinge, ta ƙi. Ya so kirana, ta hana. "Ku bash shi, aikinai yaka yi. In kunka kira shi sai su kore shi."

Ranar Lahadi ta ji ƙarar babur. Inna ta ce ta ɗago kai ta ce, "Ga angona nan." Ta sa aka gyara mata ɗankwali. Sai ƙarar ta tafi.

Na auna yau, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Daga inda nake tsayawa zuwa ƙofarta, mita goma sha tara.

Kullum in rana ta take sai ta ce wa Inna, "An ba baƙon Hafizu ruwa?" Inna takan ce an ba shi. Ba ta ba shi ba, tsoron faɗana take ji. Ta roƙi gafarata da ta yi wa tsohuwa ƙarya. Ni take roƙo.

Kwana ukun nan da na yi wa hamdala. Na'urar ta gaya mini ranar da ta kwanta, har da awa. Ni ne na karanta na ce ta ji magana.

Asabar, 10 ga Mayu

Goron ya bushe a jaka. Sabulun yana nan.

Laraba, 14 ga Mayu

Na koma biro. Madam ta yi mini gaisuwa, ta ce matsalar ba ta kai yadda na ɗauka ba. A sa alama a kan awowin da aka taɓa, a cire su daga lissafin matsakaici, a rubuta dalili a gefe. Aikin minti ashirin. Tun ranar farko haka za a yi, in ji ta, da na faɗa mata gaskiyar abin da na gani. Ban faɗa ba don ina jin kunyar a ce kakata ce.

Kwana ashirin da uku, 8 zuwa 30 ga Afrilu. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar 22 ta makara, 14h10. Kawu ya ce ranar guga ya faɗa rijiya.

A layin dalili na rubuta sunanta. Madam ta gani, ta ɗan tsaya, ta wuce.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na sauka daga babur, na shiga gida, na gaida kowa. Na sha furar Inna duka.

Hadari ya fara taruwa ta gabas amma bai yi komai ba. Kawu ya gyara kalmunansa, fartanyoyin shuka. 44,7 a 13h30.

Na cire kwaɗon. Na ce wa Kawu ya yi tsatsa. Bai yi ba.

Buhun yana rataye inda ta bar shi, turmin ma ba wanda ya ɗauke. Na so in gwada abu ɗaya ne kawai, don cikar rahoto, a san girman tasirin. Na ɗebo ruwan da kaina. Hanyar ta fi yadda nake tunawa nisa, ƙwaryar kuma tana zuba in ba ka iya ba.

13h40 zuwa 14h50, na sa alama, kada a yi amfani da su.

Digiri 2,4 kawai ya sauka. Ita tana samun 3,8. Ban san me take yi dabam ba. Lahadi zan sake gwadawa.