Rahila Ta Ci Jarabawarku, Takardar Asali Ta Kayar da Ita

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tallafin Karatu na 'yan garinmu mazauna Abuja, da sauran 'yan kwamiti baki ɗaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, aiki kuma yana tafiya daidai. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan nauyi da kuka ɗora wa kanku ba tare da wani ya tilasta muku ba.

Sunana Ɗanladi Bawa, direba, ina zaune a unguwar Tudun Ƙofa, a nan Keffi. Na daɗe ina jigilar ma'aikata daga Keffi zuwa Abuja, tun ana wuce Masaka a ga gonaki dama da hagu. Idan ka bincika cikin kwamitinka, ba za ka rasa wanda na taɓa ɗauka da sassafe ba, fayil a hammata, yana roƙona in taka mota kada a rufe ƙofar ofis. Yau ga shi Allah ya ɗaga su har suna ɗaukar nauyin 'ya'yan wasu. Ba gori nake yi ba, daɗi nake ji. Na faɗa ne don ka san ba baƙo ke rubuto maka ba.

Sau biyu ina zuwa wurin sakatarenku a nan gari, sau biyu ana ce mini Shugaba yana Abuja. Ni da nake shiga Abuja kullum, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa na rubuta a fili, don ta riske ka kafin zamanku na ranar Asabar a nan gari, ranar da aka ce za ku sa hannu a jerin sunaye na ƙarshe. Sunan 'yata Rahila ba ya ciki, alhali ita ce ta zo ta ɗaya.

Na ɗaya, sanarwarku. Kun manna ta a ƙofar makarantu da bangon tasharmu. Kun rubuta cewa duk ɗalibin da ya gama sakandare a makarantun garin nan zai iya zama jarabawarku, kuma waɗanda suka fi maki su za ku ɗauki nauyin karatunsu a jami'a. Abu uku kuka nema: sakamakon jarabawar kammala sakandare, takarda daga shugaban makaranta, da hoto. Abokan aikina direbobi sun yi dariya, suka ce an gama rabawa tun kafin a buga takardar. Ni na tsaya muku, har muka yi musu mai zafi. Na ɓamɓaro kwafi ɗaya daga bango na kai wa Rahila, kuma har yanzu tana nan cikin aljihun motata.

Na biyu, yarinyar. Uwarta, Saratu, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Rahila kan taya ta da safe, in an sauke kasko ta wanke hannu ta shimfiɗa littattafai a baranda. Haɗa magunguna take son karanta, kuma jami'a ta riga ta ba ta gurbi. Abin da ya rage shi ne mai ɗaukar nauyi, don ƙarfina bai kai ba, ba kuma na jin kunyar faɗa. Ranar da kuka manna sakamako, na ga sunanta a layin farko da idona. Na yi ta danna oda tun daga tasha har gida, mutane na zaton ɗaurin aure ake yi. Direbobin nan da suka yi dariya, ranar bakinsu ya mutu.

Na uku, ranar tantancewa. Rahila ta kai takardu ukun da kuka nema. Sakatare ya duba, ya ce saura takardar shaidar asali. Da yake tana cikin jakarta, sai ta miƙa. Ya ga an rubuta ƙaramar hukumar Kokona, ba Keffi ba, ya rufe fayil ɗin ya ture gefe. Da na je na shimfiɗa masa sanarwarku a tebur, na ce ya nuna mini inda aka nemi wannan takarda, amsarsa ita ce: "Baba, ai ko ba a rubuta ba, kowa ya san ana tambaya. Haka ake yi ko'ina."

Gaskiya bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni. Ban kuma yarda mugunta ce ba. Sabo ne. Ma'aikaci ne da ya shekara yana karɓar fom, kuma duk fom ɗin da ya taɓa gani a ƙasar nan da wannan takarda yake tafiya. Ni ma nakan karya kwanar tasha ko da asibiti na nufa, don hannu ya saba. Sai dai ni in na yi haka, juyowa nake yi. Ranka ya daɗe, na ji zafin abin nan ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba dokarku ce ta kayar da ita ba, dokar da ba ku kafa ba ce.

Na huɗu, bari in faɗi yadda aka yi takardar ta zama ta Kokona, don a nan akwai hannuna. Mahaifina manomin Agwada ne. Lokacin da aka haife ni, Agwada a ƙarƙashin Keffi take. Daga baya aka raba ƙananan hukumomi, ƙauyenmu ya faɗa wancan ɓangare. Ba mu tashi ba, ba mu ɗaga ko tukunya ba, iyaka ce ta matsa. Ni kuwa tun ina saurayi na shigo gari, a nan na yi aure, a nan aka haifi Rahila, a Tudun Ƙofa aka binne cibiyarta. Da lokacin yanka mata takarda ya yi, na bi al'adarmu: takardar ɗa garin ubansa take bi. Tsohona yana da rai a lokacin. Shi da kansa ya kama hannunta ya kai ta gaban mai gari, yana tafiya yana nuna wa mutane jikarsa 'yar boko. Ba zan iya hana shi wannan ba, kuma ko yau aka maimaita, haka zan yi. Amma Agwadar nan, Rahila ba ta san ta ba sai lokacin Kirsimeti da jana'iza. In ta je can neman tallafin 'yan makarantunsu, za su ce ai a Keffi ta yi karatu, kuma sun yi gaskiya.

Na biyar, wanda shi ne ya ba ni ƙarfin ɗaukar biro. Da aka cire sunanta, yaron da ke bakin layi ya shigo. Kabiru ne, ɗan Malam Sabo mai shagon kayan masarufi a unguwar Liman Abaji. Ajinsu ɗaya da Rahila, kuma a barandarmu suka yi bitar lissafi kafin jarabawarku. Na zaci uban zai riƙa kauce mini a hanya. Sai ga shi har tasha, ya tsaya jikin tagar motata ya ce: "Ɗanladi, ka rubuta musu. In sun ce sai da sa hannu, kawo in sa. Ba na son yarona ya shiga jami'a kansa a sunkuye." Malam Sabo ba mai hali ba ne, ya fi kowa sanin abin da yake sakewa. Na ba shi hannu muka gaisa.

Saboda haka ga roƙona. Ku buɗe fayil ɗin Rahila ranar Asabar, ku auna shi da sanarwar da kuka rubuta da hannunku. Idan akwai hali, kada ku sauke Kabiru, yaro ne mai ƙoƙari, kuma bai ture kowa ba. Idan kuma babu, to ku bi maki kamar yadda kuka yi alkawari, ubansa ya riga ya faɗi tasa. Sannan ku ja hankalin sakatarenku cikin mutunci, kada ku kore shi. Garin nan ya cika da 'ya'yan malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa da Abuja ta jawo iyayensu, a nan aka haife su, makarantunmu suke yi. Baɗi ma za su zo da takardu masu sunan wasu garuruwa. In 'yan asali kaɗai kuke nufi, kuɗinku ne, ikonku ne, amma ku rubuta a bango tun farko, kada yaro ya ci jarabawa sannan ya ji labari.

Ban cire rai da ku ba. Mutanen da suka manna maki a fili kowa ya gani, har 'yar direba ta hau layin farko, ba mutanen da za su bar wannan kuskure ya kwana ba ne. A tasha an fara yi mini kallon "mun faɗa maka", ni kuma har yanzu ina tsaye inda na tsaya ranar musun nan.

Ranar Asabar zan ajiye mota, mu zo ni da Rahila da Malam Sabo, mu zauna a waje. Ba rigima za ta kawo mu ba. Ranar da aka ture fayil ɗinta ba ta yi kuka ba, sai da muka kusa gida ta ce: "Baba, to ni 'yar ina ce?" Na san kowane rami a hanyar Keffi zuwa Abuja, amma wannan tambaya ban iya amsa ta ba. Na ce mata ta jira Asabar, akwai manyan garinsu da za su ba ta amsa.

Allah ya yi muku jagora, ya buɗa muku fiye da yadda kuke buɗa wa 'ya'yan mutane, ya raya naku 'ya'yan, ya kai ku gida lafiya duk lokacin da kuka hau hanya.

Wassalam, daga mai jiran Asabar,

Ɗanladi Bawa,
Tudun Ƙofa, Keffi.