Kunamar da ta yi wa Rebwar tauri

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na ci abokina Rebwar a harbi. Yau dai na ci shi! Tun muna samari muke hawa dutsen Azmar ran Juma'a da libarbobinmu ƙirar Nagan, tsofaffin nan na sojan Rasha, mu jera gwangwanaye, kowa harsashi bakwai. Wanda aka ci shi ke sayen kabab. Ban taɓa wuce shi ba sai yau: ni huɗu, shi ɗaya tal. Na yi ta masa tsiya har muka sauko. Wai, "Kak Sardar, iska ce ta taimake ka." Haka yake kirana, Kak, wato yaya. Iskar me? Ko ganye bai motsa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu
Wanki. Tsohon harsashin nan in ba ka bi bututun da tafasasshen ruwa ba, gobe tsatsa. Matata Gulala ta sake kama ni da butar shayinta. "Bindiga tara gare ka, buta ɗaya ta gagare ka?" Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 8 ga Afrilu
An nuna min wata Nagan a kasuwa da araha. Wani ɗan banza ya goge ta ƙal, ya sake mata mariƙi. Ko taɓawa ban yi ba. Yadda ta fito daga masana'antar Tula ta Rasha haka ake barin ta. Ni ko ƙusa ɗaya ban taɓa sauyawa a nawa ba, kuma ba zan fara ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Na sake ci, amma ban ji daɗi ba. Wannan karon hannunsa na kalla, ba gwangwani ba. Kunamar Nagan dama tauri gare ta, sai ka ce jan ƙofar ƙarfe da yatsa ɗaya. Yatsansa ya ja ya tsaya a rabi, bakin bindigar na ta rawa, gumi a goshinsa. Na ce ya fara ɗana ta da babban yatsa mana, ta fi sauƙi. Irin hararar da ya watsa min! Shi ya kafa mana dokar hana hakan tun da can, wai harbin yara ne. Ya ce, "Ran da ka ga na yi haka, sayo min carbi in zauna a gida."
Kabab ɗin ma bai ci ba.

Litinin, 14 ga Afrilu
Parwin matarsa ta faɗa wa Gulala: ciwon gaɓɓai ne, maɓallin riga ma ita ke sa masa. Wai Juma'ar nan ce hawansa na ƙarshe, zai ba ni bindigarsa. Ba na so. In yi me da ita? In hau da wa?

Laraba, 16 ga Afrilu
Na buɗe bindigata ƙirar 1931, mai tambarin tauraro, wadda ta fi duka tsabta. Na ɗauko magagari na rage wa sifirin ƙarfi, don kunamar ta yi sauƙin ja. Hannuna ya zame, na karce ta a gefe. Wallahi kamar a fatata.
Gulala ta shigo da shayi, ta dubi magagarin, ta dube ni, ta ajiye ta fita. Gara ma ta yi magana.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Na miƙa wa Rebwar ta 1931 ɗin, na ce masa tana karkata hagu, ya gwada min ya gani. Ya karɓa yana ƙunƙuni. Biyar ya kayar. Ɗaya ya kuskure, ɗaya kuma ya ƙi tashi, sifirin ya yi laushi da yawa. Ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon karcen nan.
"Kak Sardar, wani jaki ya lalata maka wannan."
Na ce wallahi jaki ne.
"To bar min ita, kada ta ɓata maka sauran. Kuma Juma'a ka zo da wuri, kullum kai ake jira."
Ni uku na samu. Ni na sayi kabab, ya ci har da nawa.

Asabar, 19 ga Afrilu
Saura bindiga takwas a akwati. Na ɗan wawware su, giɓin ba ya wani fitowa.
Na san halinsa, ba zai wanke ta ba. Na kira in tuna masa ruwan zafi. Parwin ta ɗauka, ta ce ba ya nan, ya zaga maƙwabta roƙon gwangwanaye.