Cikin da Inna Ta Ce Ya Kwanta

Zuwa gare ka, Baban Nafisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ake yi wa wanda ya daɗe a tafiya. Na san ba za ka karanta takardar nan ba, babu direban da ya san tashar da ka sauka. Amma an hana ni daka, an hana ni ɗaukar ko bokiti, hannuna kuma bai saba zaman banza ba. Ga magana cike da bakina, kai ya kamata ka fara jin ta.

Bari in fara da labarin gida. Sojojin da ka bari kan mulki sun koma bariki, an yi zaɓe, yanzu farar hula ke ta surutu a rediyo. Da kana nan, da kai da abokanka kun ƙarar da ganyen shayin Filinge a ƙofar gida kuna gardama. Damina ta yi kyau bana, gero ya fidda kai daga nan har Bonkuku. An kawo wani madadinka a ofishin dabbobi, ba shi da laifi, amma makiyayan Imanan in sun shigo ran kasuwa har yau sai sun biyo sun gaishe ni, su ce allurarka ba ta sa saniya tsalle. Nafisa na Yamai tana karatu. Ta yi tsawo, ta ɗauko dogon wuyanka da taurin kanka. Baburinka na nan cikin zaure. An taya, na ce a bari tukuna. Ban san abin da nake jira ba.

To, ga maganar. An yi mini aiki, an cire mini mahaifa.

Ka tuna makon da sanƙarau ya kama ka, na ce maka wata ya wuce ban ga al'ada ba? Ka yi dariya, ka ce in namiji ne tun yana rarrafe za ka koya mishi kama maraƙi. Ba ka ƙara wata dariyar ba bayan ita. Ina cikin takaba jini ya zo mini. Ni na san ɓari ne. Amma Innarka, da ta baro ƙauye ta zo ta zauna da ni, ta ce a'a, baƙin ciki ne ya firgita cikin ya kwanta, ran da Allah Ya so zai tashi. Kai kaɗai ne ɗanta namiji. Yaya zan yi gardama da tsohuwar da idonta bai bushe ba? Na bar ta a kan haka.

Shekaru suka wuce. Sai al'adata ta sake hali. Abin da ke yin kwanaki kaɗan ya koma sai ya cinye rabin wata, da gudaji, da ciwon mara. Na bar ɗaura zane mai haske. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, na koyi rubutu a allo a karkace, don kada in juya wa yara baya. Yashin da ke tsakanin gida da lakwal, wanda dā nake ratsawa ina hira, ya koma sai na tsaya na huta a gindin itacen bedi. Tafin hannuna ya yi fari kamar na shafa alli. Salla ma ta rikice mini, ban san ranar da nake da tsarki ba, ramuwar azumi ta taru. Sannan ciki ya fara tasowa.

Ka san garinmu. Mace ba miji, ga ciki gaba. In na iso famfo sai hira ta mutu. Daraktan lakwal ya kira ni ofis, ya yi ta kewaye-kewaye yana tambayar lafiyata, idonsa na kan teburi. Na fito ina jin kamar in haƙa rami in shiga. Ina kake a ranar nan? Da kana raye wa zai dube ni haka?

Inna kuwa da labari ya kai mata a ƙauye, murna ta yi. Ta hau motar kasuwa da buhun gero da man shanu, ta dafa cikina da hannu biyu, ta ce ga shi ya tashi. Ta bi gida gida tana faɗa wa mutane ɗan ɗanta ne ya farka, duk mai magana ya zo ya same ta. Wasu sun yi shiru saboda ita. Ta kuma shirya wasa a ƙauyenku, can bayan Tabla, ta kira masu goge da ƴan bori don a roƙi iskoki su saki yaron. Na je. Ni da ka sani da carbi, na zauna kan tabarma hayaƙin turare na shiga idona, ina kallon goshin Inna, wanda ba shi da bambanci da naka.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Nafisa. Ni ma na so ya zama gaskiya. Ni ce fa ke koya wa ƴan babban aji cewa wata tara ɗa ke yi a ciki. Amma da safe in na farka, sai in ɗora hannu a marata, in ji abu mai tauri, in yi mishi magana. In ce mishi ubansa baƙi ne dogo, mai son kilishi, wanda ba ya iya wuce jaki mai gyambo bai tsaya ba. Majo, babban ma'aikacin gidan likitar garinmu, ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce lalle in tafi Yamai a duba ni da na'ura. Rani guda ina ce mishi sai an yi hutu. Ba tiyata nake tsoro ba a lokacin. Tsoro nake a ce mini babu kowa a ciki.

Wata rana ina tsaye gaban allo sai duhu ya rufe ni. Na farka a kan benci, yara na kuka. Nafisa ta zo da kanta, ba ta tambayi ra'ayina ba, ta sa ni mota.

A Yamai sai da aka ƙara mini jini tukuna. Lokotoron da ta duba ni mace ce, Bazabarma, Hausarta na tuntuɓe amma ba ta gaggawa. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta bi da na'urar da suke kira eko, ta juyo da gilashin ya fuskance ni. Ta ce ƙari ne ya tsiro a jikin mahaifa, ba ɗaya ba, babban ya kai ƙoƙo. Ta ce a ganinta ba ciwon daji ba ne, amma sai an fidda an auna za ta tabbatar. Ban tambaye ta ko akwai ɗa ba. Na gani da idona.

Ta shimfiɗa mini hanyoyi. Akwai allurar da ke rage ƙarin, amma na ɗan lokaci ne, in an bari ya dawo. Ana iya yanke ƙarin a bar mahaifar, sai dai nawa suna da yawa, aikin na zubar da jini, kuma wasu na iya sake tsirowa. Ana iya cire mahaifar gaba ɗaya, jini ya tsaya har abada, haihuwa ma haka. Ta ce in koma gida in yi tunani, ba abin yau ba ne, amma kada in kai shi baɗi.

Ka sha faɗa wa makiyaya cewa mai jin kunyar tambaya shi ke sayen saniya mai tari. To na yi tambaya har na ba kaina mamaki. Na ce in an cire, ni mace ce ko me? Ta ce mace ce, ba abin da zai ragu sai jinin da ke kashe ni. Na ce tsufa zai faɗo mini rana ɗaya? Ta ce za ta bar mini jakunkunan ƙwai in ta same su lafiya, su ke riƙe jikin mace har lokacinsa ya yi. Na ce ana mutuwa? Ba ta ɓoye ba. Ta ce kowane aiki da haɗarinsa, jini na iya ɓallewa, ciwo na iya ruɓa, maganin barci na iya ba da wahala, amma a yadda nake, zama da ƙarin ya fi haɗari. Na ce wa zai sa hannu, tunda ba ni da miji? Ta dube ni, ta ce jikin wa za a yanka?

Da kana nan me za ka ce? Na yi ta juya tambayar nan a mota har muka iso. Na wuce arba'in. Ba aure nake nema ba. Wa nake ajiye wa mahaifar? Na je wurin limamin unguwarmu, na tsaya daga bayan zana na tambaye shi. Ya ce jiki amana ne, neman magani ba saɓo ba ne, kuma Wanda Ya halicce ni daga babu ba zai rasa inda zai samo abin da aka cire ba ran tashin ƙiyama. Zuciyata ta tsaya kan a cire.

Saura Inna. Da na faɗa mata, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta miƙe ƙafafu, ta ce sai dai in tsallake ta. Ta ce za su yanka mata jika yana barci. Ta bar cin tuwona. Nafisa ta ce mu tafi kawai, ba dole sai da yardarta ba. Gaskiya ne, hannuna za a nema ba nata ba. Amma in na tafi haka, har ta mutu za ta riƙa kallona a matsayin wadda ta kashe maka ɗa. Sai na ce mata ta zo ta gan shi da idonta, in yana nan ba mai taɓa shi.

Ka taɓa zaton Innarka za ta ga Yamai? Ta riƙe kujerar gaba tun daga tasha har muka sauka. Lokotoro ta miƙe tsaye ta gaishe ta. Ta roƙi wata yarinya mai juna biyu da ke jiran layi, yarinyar ta yarda, aka nuna wa Inna nata tukuna. Ga kai, ga ƙashin baya, ga zuciya na bal-bal kamar ta ɗan tsako, har ƙararta na fita. Inna ta yi murmushi. Sannan na kwanta. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce a duba ɗaya gefen. Aka duba. Ta ce a duba sama, wataƙila ya hau. Aka duba. Ta ce a ƙara ƙarar. Aka ƙara. Lokotoro ba ta gaji ba, sai da Inna da kanta ta ja da baya, sannan ta dafa kafaɗarta ta ce mata kala suru, sai haƙuri.

Inna ta fita waje. Na same ta zaune a ƙasa cikin yashi, ta ɗora hannu a ka tana kuka irin wanda ta yi ran da aka fita da kai. Ashe duk shekarun nan ba ta gama binne ka ba. Ni ma haka. Na durƙusa kusa da ita muka yi ta yi, mutane na ratsa mu. Da ta gaji, ta share mini fuska da bakin kallabinta, ta ce a cire. Ta ce ƙasa ta ci mata ɗa, ba za ta ƙara mata da ɗiya ba. Tun da aka kawo ni gidanku ba ta taɓa kirana ɗiya ba sai ranar.

Muka jira babban hutu. Kafin nan Inna ta tsare ni da zogale da hanta da ƙwayoyin majo, kamar mai ɗura wa ɗan yaye. Abokan aikina suka bi ni Yamai suka ba da jini, har da darakta. Ran aikin an hana ni ci da sha tun jajibiri. Inna ta ɗaura mini laya a damtse, ma'aikaciya ta ce ba a shiga da komi, sai ta kwance ta riƙe a hannunta, ta ce daga nan ma za ta yi aiki. Da aka tura ni a gado mai taya, rufin ɗaki na wucewa bisa kaina, ban ji tsoro sosai ba. Na ce in na farka ga Nafisa, in ban farka ba ga ka.

Na farka da ƙishirwa da zafi kamar an ɗora mini dutsen niƙa a mara. Kashegari suka tashe ni tsaye, suka ce tafiya ce magani. Na taka ina riƙe da Nafisa a dama, Inna a hagu, tsohuwar da ita kanta ke neman mai riƙe ta. Sakamakon awo ya fito daga baya, ba daji ba ne.

Yanzu ina gida. Ɗinkin ya kama. Tafin hannuna ya fara ja. Ina sallata cikakkiya, ba lissafi, ba shakka. Inna ta ƙi komawa ƙauye, ta bar wa ƴan'uwa gonarta, ita ke daka ita ke talge, in na miƙa hannu ga muciya ta daka mini tsawa. Matan famfo sun zo dubiya da kwanon fura, na karɓa, na gode musu.

Ban yi da-na-sani ba, kada ka ɗauka haka. Sai dai akwai safiyar da hannuna ke zuwa mara da kansa, ya tarar da tabo. Dā ina da wanda nake ba labarinka. Shin a can kana ganinmu? Ka san na yi furfura a gefen kunne? Za ka gane ni kuwa?

Inna ta ce da yaron ya zo, sunanka za ta sa a raɗa mishi. Ka ga shi ma ba zan iya kiransa ba. Duk zamanmu ban taɓa faɗin sunanka ba, ko a gabanka ko a bayanka, kunya ta hana. Na sha jin sa a bakin makiyaya, a bakin Inna, a bakin liman ran da aka yi maka salla. Ɗazu da Inna ta fita neman itace na rufe ƙofa na gwada. Issufu. Ashe ba shi da nauyi. Da na sani da na kira ka da shi ko sau ɗaya, ka waiwayo.

Allah Ya kai haske kabarinka, Ya yalwata maka makwanci. Sai na zo.

Matarka,
Hadiza, a Filinge.