Zo Ka Ɗaga Hannu, Auta

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da yayanka Dogo. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata da ke kuka kamar tsohon ƙyaure. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ni da makaranta gaisawa kawai muka yi a bakin ƙofa.

Ka san ƙungiyarmu ta siyasa ba ta da ubangida, komai sai an taru a shagona, a kan bencinan da na ƙera, an ɗaga hannu. To, bara suka zaɓe ni shugaba. Ina ta tafiya ina buɗa kafaɗa, sai Tela ya tuna mini cewa a dokarmu shugaba ba ya sa baki a muhawara, ba ya kuma ɗaga hannu sai an yi kunnen doki. Ashe dabarar rufe mini baki ce suka samu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Za mu tsayar da ɗan takarar kansila, mutum biyu suka fito: Baffanka, da muka sha nono ɗaya, da Ungozoma, wadda ta karɓi haihuwarka ranar da muka kusa rasa Innarka. Aka ɗaga hannu, kunnen doki. Aka sake, haka nan. Idanu suka juyo kaina. Na ce fitsari ya matse ni, aka ɗage zaman zuwa Asabar ta sama.

Baffanka ya aiko cewa hannun da ya ƙi ɗaguwa dominsa, kada ya taɓa makararsa. Innarka kuwa tana bayan Ungozoma, tun ranar abincina bai ga gishiri ba. Na nemi in sauka, aka ce saukar ma sai jama'a sun yarda. Suka ƙi baki ɗaya, har da 'yan takarar biyu. Tun da aka kafa ƙungiyar ban taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba. Gaba kura, baya sayaki.

Auta, har yau kai ɗan ƙungiya ne, kuma ba a aiko da ƙuri'a, sai mutum ya zo da hannunsa. Ka zo ka ɗaga wa wanda ka ga dama. In an yi fushi da kai, mota za ka hau ka koma. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da Baffanka, Innarka kuwa ko katangar babu.

Innarka da Goggo da Tela suna gaishe ku. Ka gai da Dogo, amma don Allah kada ka taho da shi. Shi ma ɗan ƙungiya ne, kuma tun kuna yara ba ku taɓa son abu ɗaya ba.

Mahaifinka,
Kafinta, shugaban da aka hana magana