Jan Waken Kaka Hasiya

Gidan Sori, 20 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Barira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, karatun jami'a yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, an yi mana hutun lakol, makaranta a rufe, ruwa ya sauka, an gama shukar hatsi. Na zaɓi takarda ne don in na karɓi wayar Baba yana tsaye kusa, magana sai ta maƙale mini.

Yaya, jan waken Kaka Hasiya yana cikin haɗari, irin nan da ta zo da shi daga Cadakori tun tana amarya, wanda take ajiyewa cikin toka a tulu. Bana da aka buɗe, an tarar lakar da aka liƙe bakin da ita ta tsage, ƙwaro ya shiga. Baba ya ɗebi guda goma daga sama ya zuba a danshin gindin randa. Uku suka tsira. Ya ce ba zai ɓata gona da mataccen iri ba. In rabi ba zai fito ba, a niƙa a yi ƙosai, shi kuma ya sayo irin kasuwa a Gidan Rumji. Kaka ta ce masa, "Nomau, da waken nan aka yaye ka, yau kai za ka yaye shi?" Ya yi dariya, amma bai janye ba. Tiya biyu ne kacal, kuma na zaga gidajen da ta taɓa ba, ba wanda ya rage da ko ƙwaya.

Mushe Inusa, malaminmu na lissafi, ya koya mana cewa ɗan abin da aka ɗeba yana iya ruɗin mutum game da sauran. Na san goma sun yi kaɗan, sai dai ban san ta inda zan fara ba, kuma ba na iya ce wa Baba ya yi kuskure. Ke da kike karatun noma, ki taimake ni. Kwana goma suka rage ya sa wake tsakanin hatsi.

Ki gaida ƙawayenki.

Ƙanwarki,
Rufaida


Gidan Sori, 29 ga Yuni

Yayata Barira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, takardarki ta iso ta hannun direban motar kasuwa. Allah ya saka miki da alheri.

Na yi yadda kika ce. Na juye tulun duka a tabarma, na tankaɗe tokar, na gauraya na sama da na ƙasa, sannan na rufe ido na tsinci ɗari don kada in zaɓi masu kyau. Kaka ta ce ai ko mai sayen hatsi a kasuwa hannu yake nutsawa har gindin buhu, sai ɗanta ne bai sani ba. Na jera su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ina yayyafa ruwa safe da maraice. Kwana shida, hamsin da shida suka tsira.

Kaka ta yi guɗa, ta ce an wuce rabi. Ni kuwa na buɗe kayena, littafin da nake lissafi a ciki. Da ƙwaya ɗari, tazarar kuskure goma ce sama, goma ƙasa. Ke nan gaskiyar tulun tana tsakanin arba'in da shida da sittin da shida cikin ɗari. Rabin da Baba yake so yana cikin wannan tazara, tana yiwuwa an wuce shi, tana yiwuwa ba a kai ba.

Yaya, na so in ɓoye. Da na ce hamsin da shida na yi shiru, da an gama. Amma gonar da muke ci ce. Da Baba ya dawo azahar na durƙusa, ina kallon takalminsa, na faɗa masa duka. Na ce lissafina bai ba Kaka gaskiya ba, bai kuma ba shi ba. Na roƙi mako ɗaya in gwada ɗari huɗu, domin sai an ninka ƙwayoyin sau huɗu tazarar ke raguwa da rabi.

Ya ce, "To me ya hana ki tsaya a hamsin da shida?" Na ce ba zan iya ba. Ya ce mako ɗaya, ba ƙarin yini.

Kaka tana fushi da ni. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya kada abokin kokawa sannan ya ɗaga shi ya ce a sake ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Rufaida


Gidan Sori, 16 ga Yuli

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Mu ma lafiya, damina tana kyau.

Ɗari biyu da arba'in da takwas suka tsira cikin ɗari huɗu, wato sittin da biyu cikin ɗari. Biyar sama, biyar ƙasa: ko an ɗauki na ƙasa, hamsin da bakwai ne. Na ƙirga sau uku. Baba ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce tabbas na Allah ne, amma in aka yi gwaji irin wannan sau ashirin, kusan sau goma sha tara tazarar tana kama gaskiya. Ya ce ko hadari bai taɓa yi masa alkawari haka ba.

Ya shuka shi a gonar gabas, huɗu a kowane rami maimakon uku. Jiya na je, layuka sun yi kore, da ƙyar na ga ramin da bai tsira ba. Waɗanda suka tsira a buhu kuwa Kaka ta hana a zubar, ta dasa su bayan ɗaki tana korar awaki da sanda.

Shekaranjiya Malam Shu'aibu maƙwabcinmu ya zo da kukan irin gyaɗarsa. Ina tsakar gida na ji Baba yana ce masa, "Kai wa Rufaida. Amma ka shirya, ba ta faɗin abin da kake son ji." Na shige ɗaki na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya, ban san yadda zan gode miki ba. Ba ki ce in ba ki Baba ki yi masa magana ba, kin bar mini, ga shi na iya. Na rubuta wa Mushe Inusa shi ma.

Kaka ta huce. Da safen nan ta kira ni, ta turo mini tulun babu komai ciki, ta ce idonta ne bai ga tsagar lakar ba bara. Ta ce daga kakar bana ni zan zuba toka, ni zan liƙe. Na ce ina tsoro. Ta ce, "Ke da kika ƙi yi mini ƙarya, wake za ki yi wa?"

Tulun yana nan a ɗakina, na kife shi kada kaji su shiga.

Ƙanwarki mai godiya,
Rufaida Nomau